SEYDOU KEITA: KAFINTAN DA YA ZAMA GWANIN HOTON ADO

Duk wanda ya zaga unguwannin Gama da Birget da Tudun Wada a nan Kano ranar Asabar ko Lahadi da la'asar, lokacin da ake hidimar bukukuwa, ba zai rasa ganin samari rataye da kyamara suna bin 'yan anko ba. Da yawa daga cikinsu babban burinsu shi ne wata rana manyan teloli da masu kantunan tufafi su kira su ɗaukar hoton kayansu, har hotunan su shiga mujallu. To, akwai wani mutumin Afirka ta Yamma da ya cim ma wannan buri, amma sai bayan da ya haura shekara 75 da haihuwa, ya kuma yi shekara 20 da ajiye sana'ar. Sunansa Seydou Keita, watau Sa'idu a bakin Bahaushe, mutumin Bamako ta ƙasar Mali.

An haifi marigayi Seydou Keita wajen shekarar 1921 a birnin Bamako, sa'ad da ƙasar take hannun Faransawa, ana kiranta Sudan ta Faransa. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa kafinta ne, saboda haka ba a sa shi makarantar boko ba, tun yana ƙaramin yaro aka miƙa masa zarto da guduma. Da al'amura sun tafi yadda aka tsara, da a kan kujeru da gadaje zai ƙare rayuwarsa.

A cikin shekarar 1935 wani ɗan'uwan mahaifinsa mai suna Tiemoko ya komo daga tafiya ƙasar Senegal, ya zo da wata 'yar kyamara ƙirar Kodak Brownie da fim mai ɗaukar hoto takwas. Yaron ya ƙwallafa rai a kanta, aka bar masa. Ya fara da 'yan gidansu da abokan aikinsa na kafinta, daga nan ya shiga ɗaukar mutanen gari a kan titi.

Farkon abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Ba shi da malami, bai san ƙa'idar haske ba, mutane kuwa ba su saba da tsayawa cik ba. Hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi, wasu ma mai hoton ba ya gane kansa, ga shi kuwa ya riga ya biya kuɗi. Seydou ya sha faɗa da masu hoto a wannan lokaci. Sai dai bai yi zuciya ya jefar da kyamarar ba. Ya riƙa zuwa kantin wani Bafaranshe mai suna Pierre Garnier, inda ake sayar da fim da takardar hoto, yana saye yana tambaya. Daga baya ya raɓu da wani malamin makaranta mai ɗaukar hoto, ana ce masa Mountaga, wanda ya nuna masa yadda ake wanke hoto, ya kuma bar shi yana aiki a ɗakinsa na wanki. Duk wannan lokaci bai saki kafinta ba, ita ce take ciyar da shi, ita ce kuma take sayen fim. Shekara 13 ke nan tsakanin ranar da kyamara ta shiga hannunsa da ranar da ya ga ya isa ya buɗe wurin kansa.

A shekarar 1948 ya buɗe shagonsa a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan yari. Wurin ya yi masa rana, domin ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasan da ya haɗa Bamako da Dakar, ga kuma kasuwa da gidan silima a kusa. Fatake da ma'aikata da matafiya daga ƙasashen maƙwabta suna sauka a tashar, shi kuwa yakan aika yaransa can da samfurin hotuna su nuna wa baƙi. Kafin a jima, ranar Asabar sai ka ga layi a ƙofar gidan.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Babbar kyamara ce ta katako mai ƙafafu uku, irin wadda mai ɗauka yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, kuma abin da ke buɗe idonta ya rufe ya lalace. Don haka da hannu yake cire murfin gilashin, ya ƙiyasta lokaci a ransa, sa'an nan ya mayar. Dodon hoton da take fitarwa mai faɗin santimita 13 ne da tsawon 18, kuma daidai wannan girma yake buga hoton, ba ya ƙara shi. Ya fi son hasken rana bisa ga na lantarki, shi ya sa yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi. Fim yana da tsada, saboda haka kowane mutum ɗauka ɗaya yake yi masa. Wanda ya san ba shi da harbi na biyu kuwa, dole ya daɗe yana saiti.

A wajen saitin nan ne gwanintarsa take. Kafin ya taɓa murfin kyamara sai ya gyara wa mutum zama, ya karkata masa kafaɗa, ya juya fuskar kaɗan don kada ta fuskanci kyamara sak. Idan mace ce, ya baza mata riga yadda aikin wuya da zanen atamfar za su fito, ya ɗora hannunta a inda za a ga zobba da awarwaro da lalle, ya duba ɗaurin ɗankwali. Wata ya zaunar da ita, wata ya sa ta kishingiɗa a kan gado ta tokare kai da hannu kamar tana ɗakinta. Ya manna hotunan da ya ɗauka a baya a jikin bango, wanda ya zo sai ya nuna irin tsayuwar da yake so.

Ƙyallen da ya fara ratayawa a bayan mutane zanen gadonsa ne mai geza. Bayan 'yan shekaru ya sauya shi da wani mai furanni, daga baya wani mai zane-zanen ganye da murɗe-murɗe. Mai koyo yakan ji tsoron tsayar da mace mai atamfa mai zane a gaban labule mai zane, don kada ido ya rikice. Seydou ya yi haka sau da yawa, ya kuma ci nasara, domin ya san yadda zai sa fuska da hannuwa su fito fes a tsakiyar wannan hayaniya ta zane. Da yake hotunan baƙi da fari ne, babu launin da zai taimake shi, sai haske da inuwa kawai. Mutanen Bamako dai ba baƙin tufafi ba ne, 'yan kasuwar Kantin Kwari ma sun san darajar shaddar Mali da rininta, kuma ya sami masu hoto da suka san abin da suka sa a jikinsu.

Mata da kayansu suke zuwa, wasu ma da ƙunshin kaya kala biyu ko uku don su sauya. Maza ne suka fi bukatar aro. Ya tanadi kwat guda uku na Turawa da laktaye da takalma da malafa, ga agogo da alƙalami da tabarau da furen roba, ga rediyo da wayar tarho, ga keke da babur ɗin Vespa, daga baya har da motarsa ƙirar Peugeot 203. Saurayin da ba shi da ko sisi sai ya fito a hoto ya dafa rediyo kamar nasa ne, ya aika wa iyayensa a ƙauye. Wani zai ce ai wannan yaudara ce. Amma mai tallan tufafi a mujalla ma ba kayansa ne a jikinsa ba, kuma abin da manyan masu hoton ado na Paris suke yi da tarin ma'aikata, shi ne wannan kafinta yake yi a tsakar gida, ba tare da ya taɓa zama a ƙarƙashin ɗayansu ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa wadda a lokacin ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Ba ya zubar da dodon hoto. Kowanne sai ya adana shi, ko mai shi zai komo neman ƙari, har suka taru dubbai a cikin adaka. Bai rubuta sunayen masu hoton ba, amma da ya dubi ƙyallen da ke bayan mutum yakan faɗi shekarun da aka ɗauka.

Ƙasar Mali ta sami mulkin kai a shekarar 1960 a ƙarƙashin Shugaba Modibo Keita. A 1962 sabuwar gwamnati ta ɗauki Seydou aikin ɗaukar hoto a hukumar tsaron ƙasa, ba da daɗewa ba kuma shagon ya rufe. Ya yi shekara 15 a wannan aiki, ya yi ritaya a 1977, ya koma gyaran ƙananan babura, abin da yake sha'awa tun da can. Hotunan da ya ɗauka wa gwamnati ba su cikin waɗanda suka yi masa suna.

A shekarar 1991 aka yi wani babban nuni na fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. A cikin kayan da aka baje har da wasu tsofaffin hotuna daga Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su suka shiga ransa, ya tura wakilinsa André Magnin ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako ya nuna wa Malick Sidibé, wani sanannen mai ɗaukar hoto na garin, shi kuwa yana gani ya gane aikin Seydou ne, ya kwatanta masa gidan. Aka tarar da dattijon da adakarsa. Magnin ya zaɓi dodon hoto fiye da 900 ya tafi da su Faransa.

Daga nan sai abin ya zo kamar ruwan sama. A 1994 gidauniyar Cartier ta shirya nunin hotunansa shi kaɗai a Paris, a shekarar ne kuma aka fara taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako, inda aka girmama shi. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma baje su a gidan nuni na Gagosian a New York. Hotunan da a da suke shiga aljihun riga, yanzu an buga wasunsu kusan tsawon mutum, ana sayar da ɗaya a kan dubban daloli. Masu ɗinkin tufafin yayi da masu shirya mujallu suka ga abin da suke nema a ciki. A 1998 mujallar Harper's Bazaar ta Amurka, ɗaya daga cikin tsofaffin mujallun ado na duniya, ta ba shi aikin ɗaukar hoton tufafi. Dattijon bai sauya hannu don ya burge su ba, ya rataya ƙyalle mai zane a baya, ya gyara wa masu sanye da kayan tsayuwa kamar yadda yake yi wa matan Bamako shekara 40 da suka wuce. Abin da suka zo saye ke nan.

Suna ya zo da rigimarsa. A ƙarshen rayuwarsa ya raba gari da waɗanda suka fara fitar da shi, ya ƙulla yarjejeniya da wani dillali dabam, aka kuma kafa ƙungiya da sunansa a Bamako don kula da aikinsa. Allah ya yi masa rasuwa a birnin Paris a watan Nuwamba na shekarar 2001, maganar ba ta warware ba. Bayan rasuwarsa ɓangarorin biyu suka shiga shari'a a kan wanda yake da ikon riƙe dodannin hoton da aka kai Turai, da kuma wanda yake da ikon bugawa ya sayar. Mutumin da bai yi boko ba ya yi hulɗa da masu takardu da lauyoyi, kuma abin da aka yi da baki ko aka sa wa hannu a Bamako sai da ya zama abin jayayya a gaban alƙalan wata nahiya.

A shekarar 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa, aka baje hotunansa kusan 300 a babban zauren Grand Palais na Paris. A cikinsu har da ƙananan na asali waɗanda ya wanke da hannunsa a Bamako-Kura, wasu sun yi ja don tsufa, wasu kuma masu yin firam na wancan zamani sun shafa wa ɗan kunne da ɗankwali launi, kamar yadda masu su suka rataya su a ɗakunansu.