Taƙaitaccen Tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya Yi Masa Rahama

An haifi Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, a wajen shekara ta 1766. A hannun yayansa ya yi yawancin karatunsa, kuma yana tare da shi shekarun da ya yi yana wa'azi a ƙasarmu ta Zamfara. Shi ne wazirin Shehu, shi ya shugabanci rundunar Jama'a ranar Tabkin Kwatto a 1804. A 1805, sa'ad da Jama'a ke zaune a Sabon Gari cikin Zamfara, daga nan ya tashi ya buɗe Birnin Kabi.

Amma da nasara ta samu, sai ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Da yawa daga cikin masu tsoron Allah sun yi shahada, waɗansu kuwa da suka rage sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya, da ƙwarƙwarori, da dawakin ado. Ya bayyana wannan baƙin ciki cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat. A wajen 1807 ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka.

Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tsare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa Shari'a. Ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam. A ciki ya nuna cewa mulki amana ne, a naɗa alƙali don iliminsa da tsoron Allah, mai riƙe da muƙami ya nisanci toshiyar baki, dukiyar baitulmali kuma a kashe ta inda Shari'a ta ce. Mutane suka tuba, har suka mai da kwangon tambura abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya komo wurin Shehu.

A 1812 aka danƙa masa yammacin daula. Ya rasu a Gwandu a 1829.

Ya 'yan'uwa, kuɗin da kuka bayar don wannan masallaci na Gwashi irin wannan amana ce. Wajibi ne a rubuta kowace naira, a karanta wa jama'a lissafi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya nuna mana kammala wannan gini lafiya, amin.