Likita Stirrett, Bature Mai Magani

Karatu: Luka 13:1-5, Ayyukan Manzanni 17:16-23

An haifi Andrew Stirrett a ƙasar Kanada cikin shekara ta 1865. Sana'arsa haɗa magani, yana da kantunansa a birnin Toronto, ba ya rasa kome na zaman duniya. Ana nan sai wani ɗan littafi na Rowland Bingham ya faɗo hannunsa, mai ba da labarin ƙasashen nan namu, waɗanda Turawa su ke kira Sudan a zamanin nan. Bingham ya zo Ikko a 1893 tare da abokai biyu, Gowans da Kent, dukansu biyu kuwa zazzaɓi ya kashe su a 1894, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Wani da ya ji wannan sai ya ja da baya. Stirrett ya sallama dukiyarsa ga aikin Ubangiji, ya shiga jirgin ruwa mai jigilar shanu zuwa Ingila, a 1902 ya sauka Pategi a bakin Kwara, yana da shekara 37. Mishan ɗin nan ita ce aka sani daga baya da suna SIM, daga cikinta kuma Ekklesiyar ECWA ta fito a 1954.

Zuciyarsa tun farko tana kan Hausawa, amma hanya a rufe ta ke, gama gwamnatin Turawa ba ta yarda masu bishara su zauna cikin manyan biranen sarakuna ba. To, da ya ke ba shi da ikon zuwa wurinsu, ya nemi inda su su ke zuwa, watau zango.

Mu dakata kaɗan a nan, domin yaranmu ba su ga zango irin na dā ba. Dattawan Lafia sun san shi sarai, gama garin nan na kan hanyar fatauci ne tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa shi, gishirin Keana da na Awe kuwa a kan jakuna da kawunan mutane ya ke fita. In rana ta yi sanyi ayari ya sauka, a sauke kaya, a ɗaure dabbobi, a hura wuta. Sa'an nan a buɗe hira. Na Kano ya faɗi abin da ya baro, na kurmi ya faɗi kuɗin goro, kowa ya kasa kunne, gama ran mutum da jarinsa suna rataye ga sanin abin da ke gaba. Zango shi ne jaridar mutanen dā. Labarai kuwa ba su yi ƙaranci ba a kwanakin Stirrett: faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa a 1903, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, babbar yunwa ta 1914, annobar mura ta 1918.

Cikin irin wannan taro ya kan shiga da maraice, ɗan gajeren mutum, da Hausarsa da ya sha wahalar koyo, ya ba da nasa labari. Ma'anar bishara ke nan, labari mai daɗi, wurinta kuwa inda a ke ba da labari ne. Fatake su ji, gari ya waye su ɗaura kaya, maganar ta tafi tare da su zuwa garuruwan da aka hana shi shiga. Da ya ke yana ba da magani kuma, suka sa masa suna Bature Mai Magani.

Mu yau ba mu da ayari, amma zango bai mutu ba. Tun da Lafia ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 ofisoshi sun yawaita, a kowane ofis kuwa, da makaranta, da tashar mota, akwai sa'ar da a ke ajiye aiki a ɗauki zancen abin da rediyo ya faɗa ko abin da aka gani a waya: tsadar abinci, haɗarin mota a hanyar Akwanga, faɗan manoma da makiyaya. Mai bi ya kan yi ɗaya daga cikin kuskure biyu. Ko ya kame bakinsa sai ka ce bangaskiyarsa ba ta da abin faɗi, ko kuwa ya mai da masifar waɗansu sandar dukan abokin aikinsa, wanda sau da yawa Musulmi ne, maƙwabci ne kuma. Na biyun ya fi muni, a ganinmu. Sa'ad da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi da kansa ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ƙi ɗora wa matattun laifi, ya juyo da zancen tuba a kan masu sauraro duka. Bulus ma a Atina, garin da ba a gajiya da jin sabon abu, sai da ya zaga ya duba tukuna ya buɗe baki.

Stirrett ya ɗauki wannan aiki da nauyi ƙwarai, har ya ga maganar baki kaɗai ba ta isa ba. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Likita Miller na Zariya, aka buga shi cikakke a 1932. Ta wannan hanya aikinsa ya iso ƙasarmu, ko da ya ke masu bisharar da suka zauna Keana da Randa 'yan SUM ne.

Bai yi aure ba. Shekarunsa na ƙarshe a Jos ya yi su, tsufa kuwa bai hana shi fita kasuwa wa'azi kowace rana ba. An ƙiyasta ya yi wa'azi wajen sau 20,000. Ya rasu a Jos cikin watan Yuli 1948, yana da shekara 82, bayan shekara 46 da saukarsa Pategi.