Abdullahi ɗan Fodiyo

Abdullahi ɗan Fodiyo (an haife shi a wajen shekarar 1766, ya rasu a 1829), wanda ake kira Abdullahin Gwandu, malami ne, kwamandan yaƙi, marubuci kuma mawaƙin Larabci. Ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne kuma wazirinsa, sannan shi ne sarkin Gwandu na farko. Ban da littattafansa na tafsiri da fikihu da nahawu, an san shi da waƙoƙin da ya yi a kan yaƙe-yaƙen jihadin 1804, inda ya rubuta murnar nasara, da baƙin cikin mutuwar abokansa, da takaicin yadda halin mayaƙa ya canza bayan yaƙi ya yi tsawo.

Asali da karatu

Abdullahi Bafulatani ne daga zuriyar Toronkawa. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Fodiyo, kuma a wurinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga yayansa Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatu a wurin malamai da dama, ciki har da Malam Jibril ɗan Umar, ya kuma jero sunayensu a littafinsa Ida' al-Nusukh. Ya raka Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, ya zauna tare da shi a Degel. Tun a lokacin ya yi fice a nahawu da sarfu da aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa.

Hijira da yaƙin Tabkin Kwatto

Da dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, jama'ar ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Abdullahi yana jagorantar rundunar Shehu. Mutanensa ba su kai na Gobir yawa ko dawakai ba, yawancinsu 'yan baka ne, amma suka yi nasara, Yunfa ya tsere.

Waƙoƙin da Abdullahi ya yi a kan wannan rana waƙoƙin alfahari ne. Ya siffanta gudun mahaya da kayan da suka zubar a fili. Babu alamar shakka a cikinsu. Muryar mayaƙi ce wanda yake ganin gaskiya tana wajensa, kuma bai riga ya binne mutanensa da yawa ba.

Tsuntsuwa da Alwasa

Wata shida bayan haka lamarin ya juya. A watan Disamban 1804 Gobirawa da Abzinawa suka afka wa jama'ar a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, babban birnin Gobir. An ruwaito cewa mutum wajen 2,000 aka kashe, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Waɗannan su ne malamai da almajiran da suka taso tare a Degel, suka san dalilin da ya sa aka fito. Yunwa da cuta suka biyo baya, jama'a ta koma Zamfara neman abinci.

A 1805 Abdullahi ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi, jama'a kuma ta koma Gwandu da zama. A ƙarshen shekarar aka sake shan kashi a Alwasa. A kan hanyar zuwa wannan yaƙi mayaƙa sun washe garin Kwalde, wanda ba ya cikin masu gaba da su, shugabanni suka yi ƙoƙarin hanawa ba a saurare su ba. Abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu kafin a iya mayar da su.

Daga wannan lokaci waƙoƙin Abdullahi suka ɗauki wata murya dabam. Marsiyya ta shigo, wato waƙar makoki. Yana ambaton waɗanda suka mutu da halayensu na ilimi da tsoron Allah da karamci, yana kuma auna su da waɗanda suka rage. Abin da ke damunsa kashi biyu ne: rashin abokan da ya saba da su, da ganin cewa gurbinsu ya cika da mutanen da ganima ta fi jan hankalinsu.

Barin runduna da zaman Kano

A 1807, ana kan hanyar kai wa Alƙalawa hari, Abdullahi ya bar runduna tare da 'yan mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A waƙar da ya yi game da wannan tafiya ya bayyana dalilinsa. Abokansa na gaskiya sun riga sun wuce, an bar shi cikin masu neman mulki da muƙami, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakan da ba sa zuwa fagen fama, masu cin ganima da rashawa. Ya zargi wasu da sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi. Wannan suka ta fito ne daga bakin mutum na biyu a cikin jama'ar, ana tsakiyar yaƙi, shi ya sa masana tarihi suke ba ta muhimmanci.

Bai wuce Kano ba. Jama'ar garin, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka roƙe shi ya tsaya ya koyar da su. A nan ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta Diya' al-Hukkam, littafi a kan yadda ake mulki da shari'a. Daga baya ya koma wurin Shehu. An ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Yunfa.

Tazyin al-Waraqat

A shekarar 1813 (1228 bayan Hijira) Abdullahi ya tattara wasu waƙoƙinsa a littafi guda mai suna Tazyin al-Waraqat. Tsarinsa shi ne ya kawo taƙaitaccen bayani a zube kan abin da ya faru, sannan ya biyo da waƙar da ya yi a lokacin. Saboda haka mai karatu yana bin mutum ɗaya tun daga zamanin wa'azi, zuwa nasarar Kwatto, zuwa makokin Tsuntsuwa da Alwasa, har zuwa ranar da ya juya wa runduna baya. Bai cire waƙoƙin alfahari don ya yi nadama ba, bai kuma ɓoye na takaici don kare sunan jama'arsa ba.

Ta fuskar harshe, ya bi tafarkin tsofaffin mawaƙan Larabawa: ƙasida mai amsa-amo ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, da kalmomi masu wuya, da al'adar tsayawa a kufai ana tuna waɗanda suka tashi. A wurinsa kufan na gaske ne, domin garuruwan da jama'a ta bari da filayen da aka binne mutane wurare ne da ya sani da ƙafarsa. Marsiyya tsohon fanni ne a adabin Larabci, kamar yadda Khansa'u ta shahara da makokin ɗan'uwanta Sakhr. A adabin Ingila kuma ana karanta Wilfred Owen, sojan da aka kashe a 1918, saboda ya rubuta wahalar abokansa daga cikin ramin yaƙi. Bambancin shi ne Abdullahi bai taɓa ƙin halaccin yaƙin da ya yi ba. Abin da ya ƙi shi ne fita daga ƙa'idojinsa. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1963.

Mulki da ƙarshen rayuwa

A 1812 Shehu ya raba kula da daula biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a kafin Abdullahi ya iso, abin da ya jawo sanyin dangantaka na wasu shekaru. Sun sasanta a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffansa ɗauki a kan masu tawaye, Abdullahi kuma ya amince da shugabancinsa. Bayan haka ya fi mayar da hankali ga koyarwa da rubutu, ya bar yawancin harkokin mulki ga ɗansa Muhammadu Wani da ɗan yayansa Muhammadu Buhari. Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake.

Rubuce-rubuce da tasiri

Cikin littattafansa akwai Diya' al-Ta'wil da Kifayat Du'afa' al-Sudan a tafsiri, Diya' al-Sultan da Diya' al-Siyasat a mulki, Diya' al-Mujahidin a hukunce-hukuncen yaƙi, al-Bahr al-Muhit a nahawu, da al-Hisn al-Rasin a sarfu. Har yanzu ana karanta wasunsu a makarantun zaure da jami'o'i. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana ɗauke da sunansa.

Yaƙe-yaƙen da ya yi wa waƙa ba su ƙare da rasuwarsa ba. Zuriyar sarakunan Katsina da aka kora a zamanin jihadi sun kafa sabuwar sarauta a Maraɗi, suka ci gaba da kai hare-hare kudu na shekaru masu yawa. Hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi a yau ta Jibiya take ratsa iyakar Najeriya da Nijar. A 1836 Bello ya ci ƙawancen Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta yi waƙa a kan wannan yaƙi, ta kuma yi marsiyyoyi ga 'yan'uwanta da suka rasu, ta ci gaba da aikin da baffanta ya fara.