Chari Maigumeri, Sojan Tuta Biyu

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, malamanmu su gafarce ni, mun haddace sunayen janar-janar na Turawa a ajin tarihi, amma ban taɓa jin an ambaci Chari Maigumeri ba.

Ya fara soja a rundunar Jamus ta Kamaru, har jaruntakarsa ta jawo masa lambar Iron Cross. Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, a 1917 kuma ya shiga rundunar Nijeriya. A Yaƙin Hitila, yana babban sajan-manjo, ya fafata da Italiyawa a Habasha, ya sami lambar Military Medal, sannan ya wuce Bama.

Abin da ke ci mini rai, bayan shekara 36 yana yi musu bauta, sai da zai yi ritaya a 1953 suka ba shi kyaftin, shi ma na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa ya ci.