Joj Sitifinsan, Maƙerin Jirgin Ƙasa

An haifi Joj Sitifinsan ran 9 ga watan Yuni 1781 a ƙauyen Wylam, kusa da birnin Niyukasil a arewacin Ingila. Mahaifinsa talaka ne, aikinsa hura wutar injin da ke kwashe ruwa daga ramin kwal. Saboda rashi, Joj bai shiga makaranta ba. Ya yi kiwon shanu, sa'an nan ya bi sahun ubansa. Sai da ya kai shekara 18 ya fara zuwa makarantar dare, ya koyi karatu da rubutu da lissafi.

Allah ya ba shi basirar sanin inji. A 1814 ya ƙera kan jirginsa na farko a mahaƙar Killingworth, wanda ya ja tan 30 na kwal da ƙarfin tururi. Ba shi ya fara ƙera irin wannan inji ba, gama Ricad Tirebisik ya riga shi tun 1804, amma shi ya nace har abin ya zama na amfanin jama'a.

Duk da haka ya san inda ƙarancin ilmi yake tauye shi. Don haka ya riƙa gyaran agogo da takalma da dare, yana biya wa ɗansa Robat kuɗin makaranta. A 1823 suka kafa kamfani a Niyukasil tare da abokan tarayya biyu, aka sa masa sunan ɗan. Shi ne kamfani na farko da aka kafa musamman domin ƙera kan jirgi. Can aka ƙera Locomotion, wanda ya buɗe hanyar Stockton zuwa Darlington a 1825.

A wannan shekara kuwa ya sha kunya. Da aka kira shi gaban kwamitin Majalisa a kan hanyar Libaful zuwa Mancesta, lauyoyi suka tsare shi da tambayoyi, aka tarar da kurakurai a awon da ya kawo, aka ƙi yarda da shirin. Bayan shekara guda Majalisa ta amince da awon waɗansu, amma shi aka ba aikin ginin.

A 1829 aka yi gasar injuna a Rainhill. Rocket, wanda mafi yawan fasalinsa aikin Robat ne, ya yi gudun kusan mil 30 a awa, ya ci kyautar fam 500. Ashe kuɗin makarantar nan bai faɗi ƙasa banza ba.

Ya rasu ran 12 ga watan Agusta 1848. Faɗin dogon da ya zaɓa, ƙafa 4 da inci 8 da rabi, shi ya fi yaɗuwa a duniya, kuma a kansa aka shimfiɗa hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.