John Caffey: Likitan da ya gyara yadda ake karanta hoton ƙirjin jarirai

A farkon ƙarni na 20, idan likitocin Amurka suka ɗauki hoton ƙirjin jariri suka ga wata tsoka mai suna taimos ta yi girma, sai su gasa ta da hasken eksire, wai don kada ta shaƙe shi. John Caffey, haifaffen jihar Utah a 1895, yana cikin waɗanda suka nuna cewa girman nan halitta ce, ba cuta ba. Daga baya wasu cikin yaran da aka gasa sun kamu da sankarar maƙogwaro.

Ya daɗe yana aiki a Asibitin Jarirai na New York, kuma littafinsa na 1945 ya zama madogarar masu duba hoton yara.

A 1946 ya ba da rahoton jarirai 6 da jini ya taru musu a ka, ga kuma karaya a hannu ko ƙafa, alhali iyayen ba su ambaci wani rauni ba. Ya yi taka-tsantsan wajen zargin kowa, wataƙila fiye da kima. A 1972 ya fito fili ya danganta irin wannan rauni da girgiza jariri da ƙarfi. Ya rasu a 1978.