UWAR MISKINAI: NANA ZAINAB BINT KHUZAIMA (RA)



Kwanakin nan saƙonni iri ɗaya sun yi mini yawa. Wata baiwar Allah ta ce ita rayuwarta daga murhu sai wanki, alhali sa'o'inta wasu sun haddace Alƙur'ani, wasu suna koyarwa a Islamiyya. Wani saurayi kuma shekara uku da gama karatu babu aiki, har kunyar zama a majalisa yake ji. Dukansu gani suke kwanakinsu na tafiya a banza. Na daɗe ina juya amsar da zan ba su, daga baya na ga gara in ba su labarin wata uwa tamu.

In ka ce wa ɗalibai su lissafo matan Annabi (SAW), sau da yawa ita ake mantawa, ko a rikita ta da takwararta Zainab bint Jahsh. Ni kaina ina ƙarami haka na riƙa yi.

Zainab bint Khuzaima 'yar ƙabilar Banu Hilal ce. Tun zamanin jahiliyya, kafin Musulunci ya riske ta, mutane suka sa mata laƙabin Ummul Masakin, wato uwar miskinai, saboda yawan ciyar da su da tausaya musu. Ku lura, ba ita ta sa wa kanta ba. Kuma irin wannan suna ba a samunsa da kyauta ɗaya mai girma. Sai mai yunwa ya zo yau ya samu, ya dawo gobe ba a ɗaure masa fuska ba, har ya zama kowa ya san ƙofar.

Ta ɗanɗana zawarci da wuri. Malaman tarihi sun yi saɓani kan mijinta na ƙarshe: wasu suka ce Ubaida bin Haris ne, wanda aka sare wa ƙafa a ranar Badar ya cika a hanyar komawa Madina, wasu suka ce Abdullahi bin Jahsh ne, shahidin Uhudu. Ko wanne ne dai, matar shahidi ce. Annabi (SAW) ya aure ta a shekara ta 3 bayan Hijira.

To, zaman bai yi tsawo ba. Mafi yawan abin da aka faɗa wata takwas ne, wasu ma suka ce biyu ko uku. Ta rasu tana da kimanin shekara 30.

Yanzu mu auna ta da mudun da muke auna kanmu da shi. Nana A'isha (RA) ta ruwaito hadisi 2210. Ummu Salama (RA) ta ruwaito 378. Nana Khadija (RA) ta ba da dukiyarta, kuma ta haifa wa Annabi 'ya'ya. Ita Zainab fa? Ba ta ruwaito hadisi ko ɗaya ba. Ba ta haihu da shi ba. Tarihinta duka a manyan littattafai bai wuce 'yan layuka ba. Da a yau take, wallahi da wani cikinmu ya ce ba ta tsinana komai ba.

Amma duk malamin da ya zo rubuta sunanta, shekaru sama da 1400 ke nan, sai ya haɗa da wannan laƙabi. Cikin matansa biyu ne kawai suka rasu yana raye, Khadija da ita. Lokacin Khadija ba a shar'anta sallar gawa ba tukuna, don haka Zainab ce kaɗai matar da Manzon Allah (SAW) ya tsaya da kansa ya sallata, aka binne ta a Baƙi'a.

Ba ina cewa a bar neman ilimi ko neman aiki ba ne, kada wani ya ɗauki maganata ya kwanta. Amma ke da kike zuba wa almajiri ragowar tuwo da fuska a sake, kai da kake raka tsohon maƙwabcinka asibiti don kai ne ba ka da wurin zuwa da safe, wa ya gaya muku ba a rubutawa? Annabi (SAW) ya sanya murmushi ga ɗan'uwa, da kyakkyawar magana, da kawar da ƙaya daga hanya duk a cikin sadaka.

Kada kuma a ce ai ita tana da abin bayarwa ne. Ibn Sa'ad ya kawo cewa bayan rasuwarta, da Annabi (SAW) ya auri Ummu Salama, a ɗakin Zainab ta tare. Da ta duba kayan ɗakin, sai ta tarar da tulu da ɗan sha'ir a ciki, da dutsen niƙa, da tukwane biyu, ɗaya da guntun kitse. Ta niƙa sha'irin ta dafa, ta sa kitsen. Shi suka ci a daren.

Allah Ya ƙara musu yarda baki ɗaya.